Na zuba gilaikol a ruwan oksalik, tazarar ramuka ta ƙi motsi

Ɗalibar_Kimiyya

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Tambayata kan anodaizin na alminiyam ce, wato tsoma falle a ruwan asid a ba shi wutar lantarki, irin wanda ake yi don samun fatar oksaid mai ramuka a jere kamar saƙar zuma.

Ga yadda aikin yake. Fallen alminiyam mai tsarkin kashi 99.999 cikin 100, an goge shi da lantarki. Ruwan asid ɗin oksalik mola 0.3, bolt 40, sanyi digiri 5, katod na girafait. Zagaye biyu ake yi: na farko awa 8, a narkar da fatar, sai na biyu awa 2. Da oksalik zalla komai lafiya lau, tazara tsakanin rami da rami wajen nanomita 100. Sai aka ɗebi mililita 700 na wannan ruwan aka cika da mililita 300 na etilin gilaikol, don ramukan su tsuke su kuma matso kusa da juna. Karant, wato yawan wutar da ke ratsawa, ya faɗi ƙasa da rabi, fatar ta fito siririya, tazarar tana nan inda take, jerin kuma ya wargaje.

Shin me mahaɗi, wato abin da ake ƙara wa ruwan asid kamar gilaikol, yake iya canzawa a tsarin rami? Kuma idan ana so a hau bolt 60 zuwa 80 ba tare da falle ya ƙone ba, itanol ya fi ko gilaikol? Allah ya ƙara ilimi.

Malam_Oksaid

Wa alaikumus salam ƙanwata. Gilaikol bai yi laifi ba, aikin da ba nasa ba kika ɗora masa. Bolt ne ke yanka tazara tsakanin ramuka. A anodaizin mai sauƙi, wato na ƙaramin karant irin naki, kowane bolt ɗaya yana ba da kimanin nanomita 2.5, shi ya sa salfiyurik a bolt 25 ke ba da wajen 63, oksalik a bolt 40 wajen 100, fosforik a bolt 195 wajen 500. Tun 1953 Keller da Hunter da Robinson suka nuna girman ɗakin rami, wato rami da bangon da ya kewaye shi, bolt yake bi. Muddin injin wutarki na kan 40, ko zuma kika tuttula a ciki tazarar ba za ta yi nisa da 100 ba.

Don a gane inda mahaɗi ke da hannu sai a leƙa gindin rami. A can akwai 'yar shimfiɗar oksaid marar huji da ta raba ruwa da ƙarfe, kaurinta kimanin nanomita 1.3 ga kowane bolt, wato wajen 50 a naki aikin. Kusan duk bolt ɗin a kanta yake sauka. Ayon ɗin alminiyam na ratsa ta zuwa waje, na oksijin na ratsa ta zuwa ciki, sabon oksaid na tsirowa, asid kuma na cin wanda ke fuskantar ruwa. Mahaɗi ba ya canza bolt, amma yana canza yawan karant da ke ratsa wannan shimfiɗa, da yadda zafi ke fita daga wurin, da saurin da asid ke cin bango.

Etilin gilaikol ya fi ruwa kauri kusan sau 18 a digiri 25, kuma lambar dayilektirik ɗinsa wajen 40 ce, ta ruwa wajen 80. Ma'ana, oksalik ba ya sakin ayon ɗin haidirojin kamar yadda yake yi a ruwa zalla, waɗanda ya saki ma tafiyar hawainiya suke yi a cikin rami. Dole karant ya faɗi.

To a nan ne abin ke rikita mutane. Raguwar cin bango na jan bakin rami ya tsuke. Amma raguwar karant na ja ta ɗaya gefen, domin an daɗe da sanin cewa a karant mai yawa ne rami ke fitowa ƙarami idan aka gwada shi da girman ɗakinsa. Igiya biyu ke jan abu ɗaya, wadda ta fi ƙarfi ita ke tafiya da shi, kuma hakan ya dogara da irin asid da bolt da sanyi. Shi ya sa za ki ga rahoton wannan ya ce gilaikol ya tsuke rami, na wancan ya ce bai yi komai ba, alhali babu mai ƙarya. Inda ya yi aiki sosai shi ne a salfiyurik, asid mai cin bango da gaske. Wata tawaga a Madrid a 2013 ta haɗa salfiyurik kashi 10 da gilaikol kashi 50 bisa nauyi, a bolt 19, ta samu ramuka masu faɗin da bai wuce nanomita 15 ba, dogaye kuma a jere. Ki lura, tazarar tasu ta ragu ne don sun sauka zuwa bolt 19.

Wargajewar jeri kuwa dalili biyu gare ta. Na farko, kowane ruwa yana da taga ta bolt inda ramuka ke shirya kansu, kuma aikin Sachiko Ono a Japan ya nuna jeri ya fi kyau idan karant ya yi yawa, dab da inda falle zai ƙone. Bolt 40 tagar oksalik mola 0.3 ce a ruwa zalla. Da kika rage karant kin ja ruwanki nesa da bakin ƙuna, tagar ta tashi daga inda kika san ta. Na biyu, ramuka ba a jere suke farawa ba. Barkatai suke tsirowa, sai sun yi zurfi suna ture juna kafin su daidaita, wannan shi ne amfanin zagayen farko da ya samo asali daga aikin Masuda a tsakiyar shekarun 1990. Zurfi kuwa cajin da ya ratsa yake bi, kimanin kulom 2 a kowace santimita murabba'i ga maikiromita ɗaya. Awa 8 a rabin karant awa 4 ce. Kin cire fatar tun ramukan ba su gama shiri ba.

Sai wani abu da ke cikin bayaninki. Mililita 700 na mola 0.3 da aka cika zuwa lita ya koma mola 0.21. Abu biyu kika canza a tashi ɗaya, ba za a iya cewa gilaikol ne ko tsinkewar asid ba. Ki auna giram 37.8 na oksalik mai ruwa biyu a jikinsa, ki narkar a ruwa kaɗan, ki zuba gilaikol mililita 300, sannan ki cika da ruwa zuwa layin lita a kwalbar awo.

Mai_Tanki

Malam ya gama magana a ɓangaren ɗakin gwaji. Bari a ƙara da na masana'anta, don can ne aka fi daɗewa ana wasa da mahaɗi, ko da yake ba jerin ramuka ake nema ba, taurin fata da karɓar rini ake nema.

Tankin da ake yi wa firam ɗin taga da ƙofa salfiyurik ne, giram 150 zuwa 200 a lita, digiri 18 zuwa 20, karant wajen amfiya 1.5 a kowace desimita murabba'i. Da zarar ruwa ya ɗumama ya wuce 21, asid na fara cin bakin ramuka fiye da kima. Bakin shi ya fi daɗewa a cikin asid tunda shi aka fara yi, don haka rami ke fitowa kamar mazurari, sama a buɗe ƙasa a tsuke. Idan abin ya yi yawa bangon da ke tsakanin ramuka na sirancewa ya karye, fatar ta yi laushi, ka shafa yatsa ka ga fari kamar alli. Maganinsa a zuba oksalik giram 7 zuwa 10 a lita, sai a iya aiki har digiri 24. Wasu na zuba asid ɗin gilaikolik da gilisarin, musamman a fata mai tauri. Duka aikinsu ɗaya, su rage wa salfiyurik haƙori. A masana'antar jirgin sama an koma haɗin tartarik giram 80 da salfiyurik giram 40 a lita, digiri 37, bolt 14, a madadin asid ɗin kuromik mai jawo ciwon daji.

Amma 'yar'uwa, mahaɗin da ya fi ɓarna shi ne wanda ba a zuba da gangan ba. Alminiyam ɗin da ke narkewa cikin ruwa mahaɗi ne. A tanki ana son giram 5 zuwa 15 a lita, ya haura 20 sai karant ya ragu, fata ta fara fitowa da tabo. Sabon ruwa da ruwan da aka yi falle goma a ciki ba ɗaya ba ne, balle a ɗan kofin gilashi na mililita 200. In kina gwada mahaɗi, duk ruwan su zama sababbi.

Sai kuloraid. Shi huda fata yake yi, ya bar ɗigo-ɗigo baƙaƙe, karant ya riƙa tsalle. A masana'anta ba a barinsa ya wuce miligiram 100 zuwa 200 a lita in an lissafa shi a matsayin gishirin ci. Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse ba sa shiga wannan aiki ko a ɗauraya ta ƙarshe, sai tataccen ruwan ɗakin gwaji. Kuma ruwan goge fallenki fakulorik ne da itanol, wanda ake narkar da ƙarfen baya da shi kuma kuloraid ɗin jan ƙarfe ne. Kofi da hantsaki na waɗannan su zama daban. Gilaikol ɗin ma a duba kwalbarsa. Wanda ake zuba wa lagireton mota cike yake da launi da maganin tsatsa, bai dace ba.

Hajiya_Madubi

Kafin a yanke wa gilaikol hukunci a tambayi yadda aka auna. Rabin gardamar da ake yi kan mahaɗi daga hoton SEM, wato madubin ƙara girma na lantarki, take fitowa.

Idan hoton saman fatar zagaye na biyu kika ɗauka, tazarar da kika gani ta zagayen farko ce, domin sababbin ramuka a cikin loƙon da tsofaffin suka bari suke tsirowa. In an yi zagayen farko a wani ruwa, na biyu a wani, saman zai nuna miki tsohon labari. Gaskiya a gindi take. Hanya mai sauƙi: ki narkar da fatar a haɗin fosforik kashi 6 da kuromik kashi 1.8 bisa nauyi, digiri 60, sai ki ɗauki hoton loƙon da ya rage a jikin ƙarfen. Nan ake auna tazara da kyawun jeri. Wannan ruwa na kuromik guba ne, safar hannu dole, kuma ba a zuba shi a kwata. Faɗin rami kuma sai an karya fatar an duba ta gefe, sama da tsakiya da ƙasa.

Zinaren da ake fesa wa falle kafin hoto shi ma yana cin baki. Nanomita 5 a kowane gefe na ramin da bai fi 30 ba ya isa ya sa ki yi murnar rami ya tsuke alhali feshi ne. Duk fallayen da za a gwada a fesa su tare, da siririn feshi.

Lissafin da zai tsare ki: kason fili da ramuka suka cinye shi ne 0.907 sau murabba'in abin da ya fito in an raba faɗin rami da tazara. Rami 35 a tazara 105 ya ba da kashi 10 cikin 100. Nielsch da abokan aikinsa a 2002 sun nuna kusan duk yanayin da ramuka ke shirya kansu a anodaizin mai sauƙi wajen kashi 10 ɗin nan yake. In naki ya fito 20 ko 25, ko dai kin fita daga taga, ko bakin rami kika auna bayan asid ya lashe shi.

Akwai kuma abin da hoto ba ya nunawa sai an zo buɗa ramuka. Bangon rami hawa biyu ne. Na waje da ke fuskantar ruwa ya haɗiye ayon ɗin asid, na ciki kusan tsantsar oksaid ne. Salfet ya fi shiga, ya kan haura kashi 10 bisa nauyi, fosfet wajen 6 zuwa 8, oksalet 2 zuwa 3, kuromet kusan babu. Hawan waje ya fi saurin narkewa, shi ya sa in kin jiƙa fata a fosforik kashi 5 a digiri 30 rami ke buɗewa da sauri da farko, sai ya ja birki in ya iso hawan ciki. Mahaɗin da ya canza karant ya canza yawan ayon da bango ya haɗiye. Don haka mintocin buɗa rami da kika saba da su a oksalik zalla ba za su zauna daidai a fatar gilaikol ba. Ki yanka falle ɗaya gida huɗu, ki cire su a minti 10, 20, 30, 40, ki fitar da sabon ma'auni.

Ɗalibar_Kimiyya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hoton saman ne kuwa Hajiya, kuma agogo aka bi. Saura maganar bolt 60 zuwa 80. Itanol zai hana ƙuna a nan?

Malam_Oksaid

Zai taimaka wajen ƙuna, amma ba zai ba ki jeri ba. Tsakanin bolt 60 da 100 oksalik mola 0.3 ba shi da taga mai kyau. Ramuka na yin rassa, wasu su mutu a hanya, tazara ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Taga ta biyu sai a bolt 120 zuwa 150, anodaizin mai ƙarfi da Woo Lee da Nielsch da abokansu suka bayyana a 2006, inda tazara ke kaiwa 220 zuwa 300, fata na girma maikiromita 50 zuwa 100 a awa, ramuka kuma kashi 3 da ɗoriya kawai suke cinyewa.

A nan zan gyara maganata ta farko. A anodaizin mai ƙarfi tazara na sauka zuwa kimanin nanomita 2 ga kowane bolt, kuma tana ƙaruwa a hankali yayin da karant ke raguwa. To a wannan yanki mahaɗin da ya taɓa karant yana iya motsa tazara da gaske. A bolt 40 ne tasirinsa ba ya kai ya kawo.

Ƙuna lissafin zafi ce. Bolt 40 sau miliamfiya 5 ya ba da wat 0.2 a santimita murabba'i. Bolt 140 sau miliamfiya 100 ya ba da wat 14, ninki 70, duka a kan shimfiɗar da ba ta kai kaurin gashi ba. Wuri ɗaya ya ɗan fi zafi, karant ya karkata can, ya ƙara zafi, cikin daƙiƙu ki ga allurar ma'aunin karant ta tashi, wurin ya yi baƙi ko ya huje. Yawanci daga gefen falle ko bakin zoben roba yake farawa.

Amfanin itanol shi ne yana hana ruwa daskarewa. Ruwa kashi 4 itanol kashi 1 na kai ki 'yan digiri ƙasa da sifiri, kuma bai yi kaurin da zai hana maburgi aiki ba. An yi amfani da shi haka a fosforik a bolt 195. Aibinsa, yana tashi daga buɗaɗɗen kofi, aikin awa 10 zai ƙare da ruwan da ba shi aka fara da shi ba, sai a rufe. Gilaikol shi ma yana hana daskarewa kuma ya fi danne karant, amma kauri na rage juyawar ruwa a fuskar falle, kuma haɗinsa bai kai ruwa zalla kwashe zafi ba. In an cika shi, abin da aka samu ta nan a rasa ta can. Gilisarin ya fi duka kauri, ɗan kaɗan ake sawa.

Ko da wane mahaɗi, ba a danna bolt 120 kai tsaye. A fara da 40 na minti 5 zuwa 10 don a samu 'yar fatar kariya, sannan a hau da rabin bolt a kowace daƙiƙa. Fuskar bayan falle ta kwanta a kan farantin jan ƙarfe mai sanyi wajen digiri 1, maburgin maganaɗisu a guje, a kuma sa wa injin wuta iyakar karant. In ana yawan ɗauke wuta a wurinku, injin anodaizin da na'urar sanyaya su kasance a layi ɗaya. Sanyi ya tsaya bolt na nan, falle ya tafi.

In tazarar da ke tsakanin tagogi kike nema, canjin asid ya fi canjin mahaɗi. Cakuɗa salfiyurik da oksalik na cike tsakanin 63 da 100. Malonik na jeri a wajen bolt 120. A fosforik kashi 1, ƙara oksalet ɗin alminiyam mola 0.01 ya danne ƙuna har aka samu jeri daga nanomita 410 zuwa 530, a wani aiki na 2010.

Gwajinki na gilaikol kuwa, ki sake shi da kashi 0, 10, 20, 30, duka a mola 0.3, falle daga takarda ɗaya, faɗin da ruwa ke taɓawa iri ɗaya. Ki naɗi karant a kowace daƙiƙa, ki tsayar da kowanne a kulom 60 ga santimita murabba'i, wato fata wajen maikiromita 30. A na kashi 30 ki ƙara falle biyu a bolt 45 da 50 ki ga ko tagar can ta koma.

Mai_Tanki

Ta sa ma'aunin zafi kusa da falle Malam, ba a bahon sanyaya ba. Da gilaikol kashi 30 baho zai ce digiri 5, fuskar falle na wani wuri daban.